Ƙyallen da Ke Kan Allurai

A unguwar da ke bayan kasuwar tsuntsaye ta birnin Solo, duk wanda ka tambaya gidan Darmaji zai nuna maka, ko da bai taɓa gane mene ne aikin mutumin ba. Kusan shekara arba'in yana sana'a ɗaya. Idan mawaƙi ya gama rera tasa, makaɗa sun gama nasu, an harhaɗa komai wuri guda, to wajensa ake kawowa ya yi tacewar ƙarshe kafin a fitar. Aikin ba shi da wata hayaniya. Zama ne a kujera tsakanin lasifika biyu, ga wani tsohon akwatin ƙarfe a gabansa mai maɓallan murɗawa: na hagu yana ƙara wa sauti kauri, na tsakiya yana cika masa ciki, na dama yana ba shi kaifi. Ya ɗan taɓa wannan, ya sassauta wancan, kamar mai ɗanɗana miya tana kan wuta. Wani lokacin abin da zai murɗa bai kai faɗin farce ba, amma waƙar da ta shigo a kwance sai ta fita a tsaye.

A saman akwatin akwai allurai biyu masu nuna ƙarfin sauti, waɗanda ke faɗawa cikin ja idan abu ya wuce kima. Tun yana saurayi Darmaji ya rufe su da wani guntun zane, kuma bai sake ɗaga shi ba sai in zai kakkaɓe ƙura. Duk wanda ya tambaye shi dalili, amsarsa ɗaya ce: "Ni da kunne nake aiki. Mai son kallo ya je gidan talabijin." Ana yi masa dariya, ana kuma kawo masa aiki daga birane irin su Yogya da Surabaya, har daga Jakarta, domin a lokacin kunnen nasa ya isa a yi taƙama da shi.

Abin da ba wanda ya sani, har shi kansa, shi ne kunnuwa huɗu ne suke aikin. Ɗakin sautin yana jikin kicin, kuma ƙofar ba ta taɓa rufuwa sosai ba. Matarsa Kustiyah, wadda mawaƙiyar gamelan ce kafin aure, wato kiɗan gargajiya na tagulla da ganga, tana can tana soya tempe, ƙosansu na waken soya, ko tana kankare kwakwa, sai ta ɗaga murya ba tare da ta waiwayo ba, ta kira shi yadda matan Solo ke kiran miji, ta ce, "Mas, ya yi wuƙa." Sai ya yi tsaki, ya ce ita dai ta ji da tukunyarta, sannan ya miƙa hannu ya sassauta maɓallin dama. A shekarun farko, sau ɗaya ko biyu a wata take faɗin haka. A shekaru goman ƙarshe na rayuwarta, kusan kullum ne. Darmaji ya ɗauka tsufa ne ya sa ta mita.

Da ta rasu, aiki ya fara janyewa a hankali. Kuma a nan ne nake jin haushin mutanenmu na Solo, domin mu dai ba ma iya duban babba mu ce masa ya yi kuskure, ko da gidansa ne ke ci da wuta. Mawaƙi zai zo ya zauna, a kunna masa abin da Darmaji ya tace, haƙoransa su yi tsami saboda kaifin sautin, amma sai ya haɗa tafin hannuwansa ya rusuna, ya kira shi da sunan girmamawa ya ce, "Ya yi kyau, Pak. Kai, ya yi kyau ƙwarai." Daga nan ya hau babur ya kai wa wani yaro a Yogya ainihin waƙar a sake aikin daga farko. Shekara biyu da rabi ana yi wa dattijon wannan ladabin, ba wanda ya tausaya masa ya yi masa rashin kunya sau ɗaya.

Shi ma ba wai bai ga alama ba. Akwai wani gyare da ya tare a kunnensa na hagu, yana kuka dare da rana. Akwai kuma kanarin da Kustiyah ta bari a keji a bakin baranda, wanda Darmaji ke gaya wa kowa cewa ya daina waƙa tun ranar jana'iza, saboda kewa. Yakan tsaya ya ga maƙogwaron tsuntsun yana rawa, sai ya kau da kai ya shiga ɗaki.

Saura kwana tara a yi addu'ar kwana dubu, wadda daga ita ba a sake tara mutane saboda mamaci, sai 'yarsa Wening ta iso daga Semarang, inda take koyarwa. Ita kaɗai Allah ya ba su. Ta ajiye jaka, ta sumbaci hannunsa, ta sha shayi, sannan ta shiga ɗakin mahaifiyarta ta fito da wani gwangwanin biskit da tsatsa ta ci gefensa.

"Bapak, wannan fa?" in ji ta, yadda 'ya'yan Solo ke kiran uba.

Ya san abin da ke ciki tun kafin ta buɗe. Faifan tef ne irin na da, mai faɗin faranti, zarensa a naɗe a fili. Shi da hannunsa ya ɗauke shi shekara talatin da takwas da suka wuce, a wani biki a garin Klaten, yana yaron masu ɗaukar sauti, ranar da ya fara ganin Kustiyah zaune a tsakiyar makaɗa tana waƙa. Minti goma sha tara ne. Bayan shi ba ta sake tsayawa gaban makirfo ba, domin mahaifin Darmaji bai yarda surukarsa ta riƙa yawon biki ba. Wening ta tashi da waƙar uwarta a kicin da wajen wanki, amma ba ta da ko tsinke na muryar, sai wani saƙon waya da ke cewa ta taho da man zafi.

"Ina so mu sa a ranar addu'a," in ji Wening. "Ina so in samu nawa, in ajiye wa yarana."

Darmaji ya ɗauki faifan ya kai hanci. Warin ruma ne da wani tsami-tsami. Ambaliyar da aka yi shekarun baya ta shiga har ƙarƙashin gado, kuma ko da yake gwangwanin bai jiƙe ba, danshi ya yi aikinsa. Ya ɗan ja bakin zaren da yatsa, sai ga wani jan gari ya manne masa a fata.

"Kin ga wannan garin? Muryar ke nan, Nduk, 'yata. A jikinsa take. Zaren ya fara sakin sa. Idan na gasa shi a hankali zai riƙe, amma sau ɗaya zai bi ta kan inji. Na biyu, roba zalla za a samu."

Wening ta juya kofin shayi a hannunta. Sannan ta bi ta hanyar da 'ya'yan Solo ke bi, wato ta nesa.

"An ce akwai wasu a Jakarta da wannan ne aikinsu, tsofaffin faifai. Da mun kai musu, kai kuma ka huta."

"In huta da me? Dutse nake fasawa?"

"A'a, na ga dai shekaru…"

"Muryar matata zan ɗauka in kai wa yaran da ke gyaran waƙa da ido? Waɗanda ba su taɓa jin ta tana magana ba? Ni na ɗauki wannan faifan tun uwayensu ba su yi aure ba."

A daidai lokacin kanarin ya ɓarke da waƙa a baranda, doguwa, mai karkarwa, har Wening ta waiwaya. Ta dubi mahaifinta ta ga ko gezau bai yi ba. Maganar ta zo mata har bakin leɓe, ta haɗiye ta. Wannan haɗiyar za ta daɗe tana cin ta.

"To Bapak, abu ɗaya nake roƙo," ta ce. "Ka fara juye shi yadda yake, kada ka taɓa komai. Idan ya shiga kwamfuta, sai ka yi gyaranka a kan kwafi, sau nawa kake so. Ka yi mini wannan."

Darmaji ya ɓata rai. A wajensa wannan aikin matsorata ne. Shi tun fil azal sauti yana fitowa daga zare yake bi ta cikin akwatinsa, ya gyara shi yana tafiya, abin da ya shiga kwamfuta kuma gamamme ne. Amma 'yar ta kafe shi da idanun uwarta, sai ya ce, "To, na ji."

"Ka yi alkawari?"

"Na ce na ji, ko sai na rantse miki da Alƙur'ani?"

Washegari ta koma Semarang don ta ƙarasa jarrabawar ɗalibanta, shi kuma ya nufi gidan Margono. Margono amininsa ne tun ƙuruciya, tsohon makaɗin ganga da ya koma kiwon agwagi, kuma yana da akwatin ƙyanƙyasar ƙwai mai riƙe ɗumi daidai wa daida. Shekara hamsin na dukan fata a tsakiyar tagulla sun gama da kunnuwansa tuni, kuma shi bai taɓa ɓoyewa ba.

"Ka ba ni aron akwatin ƙwanka," in ji Darmaji.

"Me? Wa ya mutu?"

"Akwatin ƙwai, kurman banza!"

"To ka faɗa mana, kana ta ƙunƙuni kamar sabon ango. Ƙwan wa za ka ƙyanƙyashe, kai da ko kaza ba ka da ita?"

Da ya ji bayani, sai wasan ya bar fuskarsa. Shi ne ya yi wa Kustiyah kiɗa a bikin nan na Klaten. Ya kwashe ƙwai talatin ya mayar ƙarƙashin agwagi, ya goge akwatin da rigarsa, ya ɗora masa a bayan babur da kansa.

Kwana biyu faifan ya yi a cikin ɗumi, kwana ɗaya yana hucewa. Ranar Alhamis da hantsi, bayan Darmaji ya yi wanka ya sa riga mai tsabta kamar mai zuwa zance, ya goge kan injin da auduga, ya ɗaura zaren, ya mayar da maɓallan nan uku tsakiya, inda ba sa ƙarawa ba sa ragewa. Wayoyin dai ta cikin akwatin suka bi, domin haka suke a haɗe shekara da shekaru, kuma bai ga dalilin kwance su ba tunda ba zai taɓa komai ba. Ya yi bisimilla ya danna.

Kiɗan ya fara. Ga ƙaton farantin tagulla ya yi gurnani daga ƙasa, ga gangar Margono tana jan ragama. Darmaji ya ji kiɗan a dushe, amma ya daure, ya haɗa hannuwansa a cinya. Tsohon faifai ne, dole ya dushe. A ƙarƙashin kan injin, jan garin ya fara zuba a kan farar takardar da ya shimfiɗa, kaɗan-kaɗan, ba tsayawa.

Sai ta ja numfashi ta shigo.

Ba ita ba ce. Wato ita ce, kalmomin nata ne, hawan da saukar nata ne, amma kamar an kifa mata katifa a fuska. Muryar da ya sani tana da wani haske a samanta, wani siririn zaƙi da ya sa shi sakin wayar makirfo a Klaten har ubangidansa ya zage shi. Wannan hasken babu shi. Shekara talatin da takwas yana ɗauke da muryar nan a kansa, ga shi an dawo masa da ita a liƙe, kuma zaren yana wucewa, yana zubewa, ba zai dawo ba. Zuciyarsa ta ce masa ruma ce ta cinye saman muryar, idan bai ɗago ta yanzu ba, ta tafi ke nan. Ya san ba haka aikin yake ba. Ya san abin da ya shiga kwamfuta a dushe ana iya haska shi gobe. Amma hannun da ya yi shekara arba'in yana zuwa maɓallin dama ba ya neman izini, kuma ba kowa a kicin.

Ya murɗa kaɗan, bai ji komai ba. Ya ƙara. Ya ƙara. Sai da maɓallin ya kai inda bai taɓa kai shi ba a kan aikin kowa, sannan katifar ta fara ɗagewa. Ya ɗan rage kauri don ya ba ta hanya, ya ƙara ƙarfin sautin gaba ɗaya domin ta matso kusa. Sai ga Kustiyah, 'yar shekara ashirin da biyu, da farin furen melati mai ƙamshi a gashinta, tana waƙa a ɗakinsa. Darmaji ya kifa kai a kan tebur ya yi kukan da bai yi ba ranar da aka binne ta. Ƙyallen yana nan kan allurai, ba abin da ya motsa shi.

Da zaren ya ƙare, ya ɗaga shi a hasken taga. Ana hango bishiyar mangwaro ta cikinsa.

Da yamma ya kira Margono ya zo ya ji, wai don kunne biyu sun fi ɗaya. In da neman gaskiya yake yi, da ya kira 'yar maƙwabta mai sayar da lemo. Margono ya zauna, ya karkata kai, hawaye suka gangaro masa cikin gemu.

"Kai, Darmaji! Rabona da in ji waƙa tar haka tun ina da haƙora. Ka ji gangata kuwa? Ka ji yadda nake bin ta?"

"Kana gudu dai, kamar kullum."

"Uwaka ke gudu. Wallahi ka iya aikinka, tsohon banza."

A waya Wening ta tambaye shi ko ya juye yadda yake. Ya ce mata komai ya tafi lafiya. Ta ce ya turo mata ta ji, ya ce a'a, a lasifikar kirki za ta fara jin uwarta, ba a wayar hannu ba.

Ranar addu'a gidan ya cika tun azahar. An kafa rumfa a titi, an shimfiɗa tabarmi, mata sun zagaye manyan tukwane a tsakar gida suna zuba shinkafar kwakwa da kaza a kwalaye, saboda mazan da za su zo karatu bayan magariba. Da aka yi la'asar, Darmaji ya fito da lasifikansa biyu baranda, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Ya sa aka kira Warsiti, yayar Kustiyah, wadda Wening ke kira Bude, aka ba ta kujera a gaba. Wening ta zauna a tabarma kusa da ƙafarta da 'ya'yanta biyu.

Kiɗan ya fara, mata suka ajiye cokula. Muryar ta shigo, Warsiti ta dafe ƙirji ta ce, "Kus!" Wening ta rufe baki da gefen mayafinta.

Daga nan abin ya fara hawa. Darmaji idonsa a rufe yake, yana murmushi, don haka bai ga farkon ba. Bai ga yadda kafaɗun matan suka ɗaga ba. Kowace "sa" da "ci" da ta fito daga bakin Kustiyah sai ta tsage kamar an watsa ruwa a tafasasshen mai. Ƙananan tagullan nan masu daɗi suka koma ƙarar ƙusa a kan kwano. Idan ta hau sama, muryar sai ta farfashe, ta zama wani ƙara mai shiga haƙori, wanda ba na mutum ba. Ƙaramar 'yar Wening ta cusa kai a cinyar uwarta ta fashe da kuka.

Kukan ne ya sa ya buɗe ido. Ya ga mata talatin zaune, kowace ta sunkuyar da kai tana kallon tabarma, fuskokinsu a ɗaure irin na mai jiran allurar asibiti ta wuce. Ba wadda ta toshe kunne, domin ba a yi musu tarbiyyar haka ba. Margono kaɗai ke gyaɗa kai a gefe yana buga cinya. Kuma Darmaji ya san wannan sunkuyar da kan. Shekara biyu da rabi yana ganin ta a ɗakinsa.

Wening ta tashi, ta taka zuwa baranda, ta zare wayar daga bango.

Warsiti ce ta fara magana, baiwar Allah. "Ya yi kyau, Dik Ji, ƙanena. An gode. Ya yi kyau ƙwarai."

"Bai yi kyau ba, Bude," in ji Wening, ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta juya ga mahaifinta. "Bapak, zo ciki."

A ɗakin sautin ta tura ƙofar nan da ba ta rufuwa, ta jingina da ita.

"Ina wanda ka juye yadda yake?"

Ya kau da kai.

"Bapak, na ce ina na farkon? Wanda ba ka taɓa ba?"

"Shi ke nan, Nduk. Guda ɗaya ne."

"Faifan fa?"

Ya nuna mata da haɓa. Yana kan shiryayye, kusa da farar takardar da ya naɗe jan garin a ciki, don ya kasa zubarwa. Wening ta ɗaga zaren ta ga yatsunta ta cikinsa. Ta ajiye shi a hankali, kamar abin da zai iya jin zafi.

"Ka ce ka ji. Na tambaye ka sau biyu."

"A dushe ya fito. Ba ki ji yadda ya fito ba, kamar an…"

"Kanarin Ibu yana waƙa, Bapak." Yanzu kam muryarta ta karye. "Kullum yana waƙa. Yanzu haka yana yi. Tun daga bakin titi nake jin sa idan na zo. Ban faɗa maka ba, don kada ranka ya ɓaci. Ga shi nan abin da na saya da shiruna."

Darmaji ya zauna a kujerarsa. Ya daɗe yana kallon akwatin, sannan ya miƙa hannu ya janye ƙyallen. Wurin da ya rufe ya fi sauran jikin ƙarfen haske. Ya kunna abin da ya juye, ya rage lasifika har ƙasa, ya zuba wa alluran ido. Yayin kiɗan farko suna rawa a tsakiya, lafiya lau. Da muryar ta shigo ma haka. Can sai suka fara jingina dama, suka shiga ja, suka manne a ƙarshe suna karkarwa, kuma ba su sake dawowa ba har ya kashe.

Ba ya bukatar kowa ya fassara masa. Da kaifi ne kawai ya yi yawa, da sai a rage. Amma ya tura sautin har ya bugi rufi ya fashe, kuma abin da ya fashe a wajen shiga, babu maɓallin da ke mayar da shi, a Solo ko a Jakarta. Ya sha faɗa wa masu koyo wannan maganar da bakinsa.

"Za a iya gyarawa?" in ji Wening.

"Za a iya rage zafinsa. Ba za ta dawo ba."

Ta fita. Aka yi magariba, maza suka zo, aka yi karatu, aka raba kwalaye, kowa ya yi wa Darmaji sallama da ladabi. Ya zauna a cikinsu yana motsa baki.

Da safe, bayan an kwashe rumfa, ya tarar da ita a ɗakin sautin, zaune a kujerarsa, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana yarinya. Idanunta sun kumbura. Ta gano yadda ake ja baya a kwamfutar, kuma ta yi alama a wuri biyu.

"Daga nan zuwa nan," ta ce, ba ta dube shi ba. "Daga inda ta ja numfashi zuwa inda ka fara murɗawa. Na ƙirga. Sakan goma sha ɗaya ne."

Ta kunna. Numfashi, sannan layi ɗaya na waƙa, bai ma kai ƙarshensa ba, ta tsayar. Ta koma ta sake. Ta sake. A karo na huɗu ta sa hannu a kan lasifikar, tana murmushi hawaye na zuba.

"Ita ce sak. Har ɗan karcen nan na maƙogwaronta idan ta tashi da safe. Haka take yi idan tana tsefe mini kai." Ta share fuska, ta matsa masa gefe. "Zan tura wa wayata wannan. Sauran ka riƙe, naka ne."

Ba da gatse ta faɗa ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Gaskiya ce tsagwaronta. Minti goma sha bakwai na Kustiyah suna nan, kuma a duk duniya kunnuwa irin nasa kaɗai za su iya zama su saurare su. Ya kuma san gyaren nan na hagu ba ja da baya yake yi ba. Wata rana su ma za su dushe, ba kuma sauran inda maɓallin zai murɗa.

Wening ta sake mayar da shi farko, ta ɗan ƙara sauti, ta juyo ta dube shi karon farko tun jiya.

"Saurara, Bapak. Nan, inda take ɗan dariya a cikin numfashin, kafin ta fara. Kana ji?"

Darmaji ya sunkuya ya kai kunnensa na dama dab da lasifikar, ya rufe ido, ya tattara duk abin da shekara arba'in suka koya masa. Sakan goma sha ɗayan suka zo suka wuce. Wata mata ce can nesa, a bayan bango, tana waƙa da abu a bakinta.

Ya ɗago. Amsar da duk Solo za ta bayar tana nan a kan harshensa, a shirye.

"A'a, Nduk," ya ce. "Ba na ji."